Yadda zaka lissafa ko solar gidanka zata mayar maka da kuɗinka, da net mitarin ko babu

Duk wanda zai saka sola a gida tambayarsa ta farko ita ce nawa ne fanel, nawa ne inbata (na'urar da take juya wutar fanel ta zama irin wadda kayan gida suke sha), batir guda nawa zan saya. Amma akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi kuma ba kasafai ake yinta ba: wutar da fanel ɗina zai samar da tsakar rana, lokacin da yara suna makaranta ni kuma ina kasuwa ko wajen aiki, ina zata je, kuma nawa za a biya ni kuɗinta? Amsar wannan tambayar ce take yanke ko kuɗinka zai dawo cikin shekara 6 ko sai ka jira shekara 11, alhali fanel ɗin iri ɗaya ne, rufin gidan ɗaya ne, ranar ma ita ce dai.

Net mitarin tsari ne da kamfanin wuta yake sa maka mita mai ƙirga shiga da fita. Da rana idan sola ta samar da fiye da abinda gidan yake sha, rarar sai ta bi waya ta fita maƙwabta su sha, mita ta rubuta. Da dare kai kuma ka jawo daga layi, mita ta rubuta wannan ma. Ƙarshen wata a cire wannan daga wancan, in ka jawo yunit 500 ka tura 300, toh kuɗin 200 kawai zaka biya. Tsofaffin mitocin nan masu faifai har juyawa baya faifan yake yi ido na gani. Abinda ya sa tsarin yake da daɗi shi ne yunit ɗin da ka tura darajarsa daidai take da yunit ɗin da ka saya, kaga kenan baka buƙatar batir sam, layin kamfani ne yake riƙe maka wutar har dare.

Akwai wani tsarin kuma da ake kira net bilin, kuma mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya suna cewa ai duk ɗaya ne, wallahi ba ɗaya bane. A net bilin farashi biyu ne, wanda kake saya da shi daban, wanda ake saya a hannunka daban, kuma na biyun ƙarami ne sosai. Kamar manomi ne da ya sayar da gero da kaka lokacin da kowa ya kawo kasuwa farashi ya faɗi warwas, sannan da damina ta yi nisa ya dawo yana awon geron nan da tsada. Mai rumbu ne kawai yake tsira daga wannan, rumbun sola kuwa batir ne, shi ma da kuɗinsa.

Abinda ya faru a Kalifoniya

Na ɗauki Kalifoniya ta Amurka ne saboda can aka ga abun ƙiri-ƙiri. Jihar ta yi dokar net mitarin tun 1995, aka daɗe ana cin gajiyarta, a 2016 aka ɗan yi mata gyara aka kira ta NEM 2.0, wato net mitarin zubi na biyu, aka ƙara 'yan kuɗaɗe ƙanana da kuɗin haɗa layi amma har lokacin yunit ɗin da ka tura kusan daidai yake da wanda ka saya. Sai a ranar 15 ga Disamba 2022 hukumar kula da kamfanonin wuta ta jihar, CPUC, ta amince da sabon tsari wanda mutane suke kira NEM 3.0, ya fara aiki a tsakiyar Afrilu 2023 ga kwastomomin manyan kamfanoni uku, PG&E da SCE da SDG&E. Kuɗin da ake biyan mai sola kan rarar wutarsa ya faɗi da kusan kashi 75 cikin 100, daga wajen senti 30 kan yunit (senti 100 ne dala ɗaya) ya dawo wajen senti 8 a matsakaici. Kuma farashin ba tsayayye bane, kowace awa da nata, kowane wata da nasa, ranar aiki daban ƙarshen mako daban. Tsakar ranar watan Afrilu kusan kyauta kake bayarwa, amma yammacin watan Satumba lokacin da zafi ya sa kowa ya kunna AC rana kuma ta faɗi, yunit ɗaya yana iya wuce dala 1.

Dalilin da aka bayar ba shirme bane, dole a faɗi gaskiya. Sola ta yi yawa a jihar har ta kai da tsakar rana wuta tana yin yawa a layi farashin sari ya faɗi, da magariba kuma duk solar ta ɓace lokaci guda a koma neman injinan gas. Sannan kamfanonin suka ce kuɗin gyaran waya da turaku da taransifoma yana cikin farashin yunit, in mai sola ya daina biya to masu haya da marasa hali ne suke ɗaukar nauyin. Masu sola kuma suka ce an yi ƙarin gishiri a lissafin, ba a ƙirga amfanin da wutarsu take yi wa layin ba. Ni dai a ganina gyaran yana da dalili amma yankan ya yi tsanani a lokaci guda. Ko ma dai wane ne da gaskiya, kai mai gida ba kai zaka yanke ba, naka shi ne ka iya lissafi da farashin da yake ƙasa. Waɗanda suka riga suka shiga tsohon tsarin an bar su a kai har shekara 20 daga ranar da aka haɗa su, shi yasa kafin Afrilun nan aka yi ta rububin shigar da takardu, bayan nan kuma kasuwar masu saka sola ta yi sanyi, waɗanda suka ci gaba da sakawa fiye da rabinsu da batir suke haɗawa, alhali a da ƙalilan ne suke damuwa da batir.

Lambobi huɗu da zaka nemo

Ta farko ita ce nawa kake sayen yunit ɗaya. Ka tattaro bil ɗin wata 12, ba na wata ɗaya ba, saboda shan wutar lokacin zafi ba ɗaya yake da na lokacin sanyi ba. Ka ware kuɗin da ake caja kowane wata ko ka sha wuta ko baka sha ba, wannan sola bata goge shi, kar ka sa shi cikin riba. In kamfaninku yana da farashin rana daban na yamma daban, rubuta duka biyun. A Kalifoniya lokacin tsada yawanci daga ƙarfe 4 na yamma ne zuwa 9 na dare.

Ta biyu, yunit nawa solar zata samar a shekara. Wannan mai sauƙi ne, mai saka maka zai baka ƙiyasi, kai dai ka tabbatar ya cire inuwar bishiya da ƙura da zafi, domin fanel yana rage ƙarfi in ya yi zafi, kuma duk shekara yana ɗan tsufa da wajen rabin kashi ɗaya cikin 100.

Ta uku ita ce wadda nake so a tsaya a kanta sosai, domin nan ne mutane suke yaudarar kansu: kashi nawa na wutar solar gidan zai sha kai tsaye a lokacin da ake samar da ita? Mutum zai ce ai ina shan yunit 8,000 a shekara, sola zata bani 8,000, shikenan na gama da bil. A tsarin net mitarin na asali haka ne. A net bilin ba haka bane ko kaɗan, domin sola tana aiki ne daga hantsi zuwa la'asar, gida kuma ya fi shan wuta daga magariba zuwa dare lokacin da kowa ya dawo an kunna fitilu da talabijin da AC ana girki. Hanyar ganewa bata buƙatar wata na'ura, ka je gaban mitarka ƙarfe 9 na safe ka rubuta lambar, ka dawo ƙarfe 4 na yamma ka sake rubutawa, ko ka sa wani a gida ya ɗauki hoto da waya, a yi haka na sati biyu har da ranakun hutu. Bambancin lambobin nan biyu shi ne abinda gidanka yake sha lokacin da sola take aiki. Yawancin gidajen da babu kowa da rana zaka samu bai wuce kashi 30 zuwa 40 na abinda babbar sola zata samar ba, sauran duk fita zai yi. In kuma an riga an sa maka mita mai shiga da fita, a mitoci da yawa in kana danna maɓallin zaka ga lamba 1.8.0 ita ce wutar da ka jawo, 2.8.0 kuma wadda ka tura waje. Ka cire ta 2.8.0 daga jimillar da inbata ta nuna ta samar, abinda ya rage shi ne wanda ka sha da kanka.

Ta huɗu, nawa ake biyan yunit ɗin da ka tura. Wannan kar ka karɓe ta daga bakin mai sayar da sola, ka same ta a rubuce daga kamfanin wuta.

Yanzu mu buga lissafin

Lambobin nan misali ne na ɗauka don a ga yadda ake yi, kai ka sa naka. A ce sola ce mai kilowat 5, an kashe dala 15,000, tana samar da yunit 8,000 a shekara, ana sayen wuta senti 30.

Da cikakken net mitarin duk yunit 8,000 ɗin nan senti 30 ne, ko ka sha ko ka tura. Dala 2,400 kenan a shekara. Raba 15,000 da 2,400, shekara 6 da 'yan watanni kuɗinka ya dawo, fanel kuma garantinsa yawanci shekara 25 ne, kaga sauran shekarun duk riba ce in ka cire canjin inbata sau ɗaya a tsakani.

Da net bilin, a ce gidan yana shan kashi 40 kai tsaye, yunit 3,200 a senti 30, dala 960. Sauran 4,800 sun fita a senti 8, dala 384. Jimilla 1,344. Raba 15,000 da wannan, shekara 11 da ɗoriya. Ba a taɓa ko waya ɗaya a kan rufin ba amma kusan rabin darajar solar ta tafi.

Toh me zaka yi? Abu mafi arha wanda ko sisi baka kashewa shi ne ka dawo da ayyukan gida tsakar rana. Injin wanki, guga, hitar ruwa, famfon ruwa, cajin mota in mai lantarki ce, har AC ka kunna shi tun ƙarfe 2 ɗaki ya yi sanyi kafin lokacin tsada ya shigo. Duk yunit ɗin da ka hana shi fita ka sha da kanka ya tashi daga senti 8 ya koma 30, ka ci senti 22. In ka iya dawo da yunit 1,000 a shekara dala 220 kenan daga canza lokaci kawai.

Abu na biyu, ka rage girman solar. Wannan masu sayarwa basa son faɗa domin ribarsu tana cikin yawan fanel. A zamanin net mitarin shawara ita ce cika rufin, a net bilin kuwa fanel ɗin farko sune masu daraja saboda gida yana shanye wutarsu, na ƙarshe kuma kusan duk wutarsu waje take tafiya a araha. A misalinmu in ka saka kilowat 3 a dala 9,500, ta samar da 4,800, gida ya sha 2,600 aka tura 2,200, ka samu 780 da 176, dala 956 a shekara, wajen shekara 10. Ya fi na babbar sauri kuma kuɗin da ka zuba ya ragu. Wasu ma suna juya wani ɓangare na fanel ɗin ya kalli yamma, jimillar wutar tana ɗan raguwa amma tana zuwa ne da la'asar lokacin da ta fi tsada.

Na uku batir, kuma nan sai an yi a hankali saboda ana yawan cewa sa batir kawai matsala ta ƙare. A ce ka ƙara dala 10,000 ka sa batir, jimilla 25,000, batirin ya riƙe yunit 3,200 cikin waɗanda suke fita. Ba duka zasu dawo ba, wajen kashi 10 yana ɓacewa wurin caji da saukewa, saura 2,880. In farashin dare shi ma senti 30 ne ka samu 864, haɗa da 960 na rana da 128 na sauran 1,600 da suka fita, dala 1,952, raba 25,000 da shi kusan shekara 13, wato ya fi rashin batir ɗin daɗewa. Amma in farashin yamma senti 45 ne, 2,880 ɗin nan sun zama dala 1,296, jimilla 2,384, shekara 10 da rabi. Kaga ashe ribar batir tana rataye ne da tazarar da ke tsakanin farashin da ake sayen rararka da farashin da kake sayen wutar yamma, in tazarar babba ce batir ya biya, in ƙarama ce to ka saye shi ne don kar a ɗauke maka wuta, wannan ma dalili ne mai kyau amma ka san abinda ka saya.

Tambayoyin da zaka yi kafin ka sa hannu

Shekara nawa farashin nan zai tsaya a yadda yake? Wannan ita ce babba. A jihar Nebada a Disamba 2015 hukuma ta rage kuɗin rarar wuta kuma ta haɗa har da waɗanda suka riga suka saka, mutanen da suka ci bashi da lissafin tsohon farashi suka wayi gari lissafin ya rushe, manyan kamfanonin saka sola irin su SolarCity suka tattara suka bar jihar, sai da aka yi ta rigima kafin a mayar da tsofaffin kan tsarinsu, a 2017 majalisar jihar ta dawo da net mitarin da farashin da ya fara daga kashi 95 na farashin saye yana sauka har 75. Hawai ta rufe nata ga sababbin shiga tun Oktoba 2015. Holan ma, inda tsarin ya sa gidaje da yawa suka cika rufi da fanel, ta tsayar da 1 ga Janairu 2027 a matsayin ranar da zai ƙare. Don haka ni shawarata ka yi lissafi biyu, ɗaya da farashin yau, ɗaya kuma kamar an rage kuɗin rarar zuwa kwata, in na biyun ma zaka iya jurewa to bismillah.

Sannan ka tambaya, rarar da ta taru a wata tana tsallakawa wata na gaba ko gogewa ake yi? Ƙarshen shekara in ka tura fiye da abinda ka jawo, kuɗi ake baka ko kiredit, kuma a wane farashi? A Kalifoniya ko a tsohon tsarin wannan rarar ta ƙarshen shekara da farashin sari ake biya, 'yan senti kaɗan, shi yasa sola mai wuce buƙatar gida bata taɓa zama kasuwanci ba. In na ƙara fanel daga baya zan rasa tsohon farashina? A Kalifoniya in ƙarin ya wuce kashi 10 ko kilowat 1 yana iya fitar da kai daga tsohon tsarin. In na sayar da gidan mai saye zai gaji yarjejeniyar? Wannan yana taɓa kuɗin gidan kansa.

Mu kuma a gida Najeriya fa

Nan lissafin ya sha bamban, kuma ina so a fahimci dalili saboda ana kallon bidiyon Turawa ana zuwa ana cewa a sa irin tasu. Net mitarin gaba ɗayansa ya dogara ne kan abu ɗaya, a ce akwai wuta a layi lokacin da kake son turawa, kuma akwai ta lokacin da kake son jawowa. Inbatar da ake haɗawa da layi kai tsaye an ƙera ta ne ta mutu cikin daƙiƙa biyu da an ɗauke wuta, kuma da gangan aka yi haka, don kar ka tura wuta cikin wayar da ma'aikaci ya hau turke yana gyarawa a zatonsa a kashe take. Toh in NEPA ta ɗauke ƙarfe 11 na safe, rana tana ƙwallewa amma irin wannan inbatar ko fanka bazata juya maka ba. Wuta mara ƙarfi ma haka, in ta sauka ƙasa da iyaka inbata bata yarda ta haɗu da ita. A tsarin rukunin da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta yi, Band A ne aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4, kuma duk wanda yake arewa a Oktoban 2024 ya san yadda aka yi fiye da mako ba wuta bayan manyan layukan da suke kawo ta sun lalace. Layin da yake haka ba zaka iya ajiye wutarka a cikinsa ba.

Saboda haka ƙa'idar da zaka bi ita ce: muddin baka da yarjejeniya a rubuce da kamfanin rarraba wutar yankinku, kuma basu sa maka mita mai shiga da fita ba, ka ɗauki darajar duk yunit ɗin da ya fita daga gidanka a matsayin sifili. Wani lokacin ma ƙasa da sifili ne, domin mitocin kati da yawa basa bambance wutar da ta shigo da wadda ta fita, duk wadda ta ratsa su cin yunit suke yi, sai ka ba maƙwabta wuta kyauta kuma a cire maka kuɗinta. In kana da inbata haibirid, wato mai haɗa sola da batir da wutar layi, ka gwada da kanka, ranar da akwai wuta da tsakar rana batir ya cika, kashe manyan kaya ka tsaya gaban mita minti goma, in ƙaramar jar fitilar nan tana ƙiftawa da sauri yunit yana raguwa alhali gida baya jan komai daga layi, to fita take yi ana caja. Ka kira wanda ya saka maka ya shiga saitin ya kashe tura wuta waje, in inbatar mai amfani da ɗan zoben nan ne da ake maƙalawa a babbar wayar shigowa a tabbatar an sa shi kuma kibiyarsa tana kallon inda ya dace, in aka juya shi baibai lissafin inbatar ma juyewa yake yi.

Amma kar wannan ya kashe maka gwiwa, a nan darajar sola daga wani wuri take zuwa kuma tana da kauri. Yunit ɗin solarka yana maye gurbin ɗayan biyu ne, wutar kamfani ko ta janareta. A Afrilu 2024 an kai farashin Band A naira 225 kan yunit kafin a ɗan sauko da shi ƙasa da 210. Ƙaramin janareta kuwa litar fetur ɗaya da ƙyar take baka yunit 2, in kana sayen lita naira 900 kaga yunit ɗaya ya tashi 450 ko fiye, ba a sa baƙin mai da kuɗin makanike da ƙara da hayaƙi ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 wannan ɓangaren ne ya sa sola ta koma abun lissafi a gidaje da shaguna. Don haka ka zauna ka raba, awa nawa kake kan NEPA awa nawa kake kan inji, kowane yunit ka bashi farashin abinda ya maye.

Batir ma ka fitar da kuɗin yunit ɗinsa. Misali batirin litiyom mai yunit 5, a ce ka saya naira miliyan 1 da rabi, kana amfani da 4.5 kowane zagaye, wato caji ɗaya da saukewa ɗaya, ya yi zagaye 4,000, yunit 18,000 kenan tsawon rayuwarsa, kowane ɗaya wajen naira 83. In ka gwada da 450 na janareta babu ma gardama. Batirin ruwa mai tubula ya fi arha ranar saye amma bai kamata ka sauke shi ƙasa da rabi ba kuma zagayensa bai kai haka ba, zafinmu ma yana rage masa kwana, ka buga masa irin wannan lissafin kafin arhar ta ja ka.

Sai rarar da bata da inda zata je. Ka duba fuskar inbatarka ƙarfe 1 na rana a watan Maris, zaka ga batir ya nuna 100, fanel ɗinka mai kilowat 4 amma lambar da take nunawa wat 600 ne ko 700, daidai abinda firji da fankoki suke ja. Ba lalacewa ya yi ba, inbata ce ta danne shi saboda babu mai sha. A rana mai kyau a Kano ko Sakkwato kilowat 4 yana iya bada wajen yunit 17, in gida ya sha 7 da rana batir ya ɗauki 5, to 5 ɗin da suka rage ba a ma samar da su ba, a shekara sun haura yunit 1,800 da ka biya kuɗin fanel ɗinsu baka gani ba. A inda ake net mitarin waɗannan ne ake turawa layi, mu kuma sai dai mu nema musu aiki a cikin gida daga ƙarfe 11 zuwa 3. A tura ruwan bohol zuwa tanki a wannan lokacin, a yi gugar sati, a kunna firiza ta daskare sosai yadda da dare za a iya kashe ta batir ya huta, mai ɗan hali ya ƙara firiza ta biyu ana yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya na sayarwa, lokacin zafi da azumi ba sai an faɗa maka kasuwarsu ba. Akwai ƙananan na'urorin saita lokaci da ake sawa a soket, basu da tsada, su kunna su kashe da kansu ko ba kowa a gida. In kuma ka duba ka ga babu wani aikin da zaka iya dawowa da shi rana, kuɗin fanel biyu ko ukun da zaka ƙara ka mayar da su kan batir, fanel ɗin da ke kan rufin kuma a riƙa wanke su da sassafe duk sati lokacin hunturu, kafin su ɗauki zafi.